Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kundin Koyon Laringoskof Mai Kyamara

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau kwalin ya iso ɗakin tiyata. Laringoskof ne mai kyamara, wato na'urar leƙa maƙogwaro don zura tiyub ɗin numfashi, ƙirar China, ba mai wani suna da za a yi tutiya da shi ba. Allonsa bai wuce tafin hannu ba, yana maƙale a saman mariƙi. Biled, wato ɓangaren da ake sawa a baki a ɗaga harshe, huɗu ne na ƙarfe, waɗanda ake wankewa a sake amfani da su: uku masu siffar Macintosh ɗin da muka saba da shi, lamba 2 da 3 da 4, sai ɗaya mai tsananin lanƙwasa kamar lauje. Wanda ya kawo kayan ya nuna mana inda ake kunnawa da inda ake caji, aka sa masa hannu a takarda, ya kama hanya tun kafin azahar. Horon ke nan.

Saboda ɗaliban da wataƙila kundin nan zai faɗa hannunsu: idan muka sa mutum barci muka kashe masa jiki, numfashinsa ya dawo wuyanmu. Sai mun ɗaga harshe, mun hango ƙofar maƙogwaro, mun zura tiyub, sannan iska ta samu hanya. Biled ɗin da Robert Macintosh ya fito da shi a Oxford a 1943 shi ne har yau a hannunmu, kuma da shi sai idonka ya yi layi ɗaya da ƙofar. Wannan sabon, kyamara ce a bakinsa take leƙa maka bayan kwana.

Ni kaɗai ne likitan sa barci a asibitin nan. Sai ma'aikatan jinya biyu da suka yi kwas ɗin: Baba, wanda ya fara aikin tun ina firamare, da Sista, wadda shekararta uku da gamawa. Malamata tana asibitin koyarwa, tafiyar awa uku. Na yanke shawarar koya wa kaina. Dalilin da na faɗa wa Baba shi ne nisa. Dalilin da ban faɗa ba shi ne, mutumin da ya yi shekara shida yana zura tiyub, kunya yake ji ya ce a zo a koya masa zura tiyub.

Laraba, 8 ga Janairu

Data ta naira 6,000, katin ajiyar bidiyo naira 7,500, don na'urar tana iya naɗar abin da ke kan allo. Zan riƙa neman izinin majinyata, kuma fuska ba ta fitowa.

Dare biyu ina YouTube. Na koyi tarihi fiye da yadda nake bukata: John Pacey, likitan tiyata a Kanada, shi ya fito da GlideScope a 2001, biled ɗinsa lanƙwashe kusan digiri 60, kuma namu mai siffar lauje jikansa ne. Kowane bidiyo maganarsa ɗaya, matakai huɗu: dubi baki ka sa biled, dubi allo ka nemo ƙofa, sake duban baki ka sa tiyub, sannan ka koma allo ka zura. Na rubuta su a bayan hannuna da biro kamar ɗan jarrabawa.

Asabar, 11 ga Janairu

Na aro kan mutum-mutumin roba daga makarantar koyon jinya. Harshensa ya bushe ya yi tauri, haƙori ɗaya ya fita tun zamanin wasu ɗaliban. Sau talatin na gwada, sau talatin ya shiga, har da laujen. Man shafawa naira 2,000, ɗan acaba kai da kawowa 1,500. Na kwanta ina ganin ai magana ta ƙare.

Talata, 14 ga Janairu

Mutum na farko da na biyu, duk da biled mai siffar Macintosh lamba 3. Tiyatar mama, da ta dutsen koda. Ƙofar maƙogwaro ta fito a allo tas, fararen igiyoyin murya biyun nan a buɗe, kamar hoton littafi. Sista ta ce shekararta uku tana danna maƙogwaro ana ce mata "ƙasa kaɗan, dama kaɗan", yau ta fara ganin abin da dannawarta take yi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin na'urar a wurina.

Baba ya tsaya a baya da hannu a goye. Da muka gama ya ce, "Likita, abin ya yi kyau. Amma tsohon ka bar shi a kan tire." Na ce to.

Alhamis, 16 ga Janairu

Uku, duk a karon farko. Ba wani labari.

Talata, 21 ga Janairu

Biyu. Mai wanke kaya ya kusa tsoma mariƙin da allonsa cikin ruwan gulutaraldehaid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, Allah Ya sa Sista ta shigo. Mun rubuta takarda mun manna a bango: biled kaɗai ake jiƙawa, minti 20, a ɗauraye sosai, mariƙi kuma gogewa ake yi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yau na ɗauki laujen a kan mutum, na takwas a lissafi. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, siririya, baki yana buɗuwa sosai, belinta a bayyane tun a gwajin Mallampati, wato leƙa bakin da muke yi kafin tiyata don hasashen wuyar sa tiyub. Da gangan na zaɓi mai sauƙi.

Ban taɓa ganin ƙofar maƙogwaro da kyau haka ba. Ta cika allon gaba ɗaya. Na sa tiyub lamba 7 da wayar ƙarfen da muke lanƙwasawa da hannu a cikinsa don ta ba shi siffa, sai ga bakinsa ya ɓullo ta ƙasan allo, ya nufi hanyar abinci. Na ja baya, na ɗaga, ya sake zamewa ƙasa. Na juya hannu, ya daki gefe. Ƙofa tana kallona ina kallonta, tiyub ya ƙi zuwa. Ban san lokaci ya ja ba sai da ƙarar oksimita, na'urar awon oksijin a jini, ta fara sauya murya, Baba ya ce a hankali, "Casa'in da ɗaya, Likita." Na fito, muka ba ta iska da mas, abin rufe hanci da baki, ta koma 99, na ɗauki biled ɗin Macintosh da buji, siririyar sandar roba da ake fara zurawa sannan tiyub ya bi ta kanta, cikin daƙiƙa kaɗan aka wuce wurin.

A hanyar gida karin maganar Kanawa ce take ta yi mini yawo a ka: hangen Dala ba shiga birni ba. Da tsohon laringoskof, in ka gani ka shiga, don hanyar da idonka ya bi ita tiyub zai bi. Da lauje, kyamara ta sha kwana, tiyub kuwa bai sha ba. A kan roba ban ji wannan ba, domin robar bakinta a wangale yake, ba yawu, ba harshe mai faɗowa, kuma ba ta da oksijin ɗin da zai sauka.

Na ɗora laifin a kan waya. Na yi odar mai tauri wadda aka ƙera da siffar biled ɗin, naira 38,000 har da kuɗin mota daga Legas.

Litinin, 27 ga Janairu

Biyu da Macintosh. Na farkon sai a karo na biyu, don kyamara ta yi hazo da na shiga: sanyin hunturu ya kama ƙarfen, numfashi mai ɗumi ya same shi. Ashe a takardar na'urar an rubuta a kunna ta ta ɗan yi ɗumi kafin a sa. Takardar tana cikin kwali tun ranar 6 ga wata, ban buɗe ba. Waya mai tauri ta iso da yamma.

Laraba, 29 ga Janairu

Ban so rubuta wannan ba, amma kundin da ba shi a ciki ƙarya ne.

Namiji ne, manomi, shekara arba'in da 'yan kai, za a gyara masa ƙatuwar ƙaba a wurin tsohon ɗinki. Lauje, da sabuwar waya. Na ga ƙofa, na miƙa hannu Sista ta sa mini tiyub, na tura shi cikin baki. Na ji ɗan turjiya, na ɗauka harshe ne, na ƙara ƙarfi kaɗan, sai ya ɓullo a allo. Da ƙyar da juye-juye ya shiga. Layin kafnogiraf, na'urar da ke tabbatar da tiyub yana hanyar iska, ya fito yana hawa yana sauka, na sauke ajiyar zuciya. Ina cikin ɗaure tiyub sai na ga jan ruwa a gefen bakinsa. Na sa sakshan, abin zuƙe ruwa, sai ga jini.

Da tsohon laringoskof na leƙa. Tsaga ce kamar santimita ɗaya a tattausan naman bayan ganda, ta hannun dama. Bakin tiyub ne da wayar ƙarfe a cikinsa ya ratsa wurin, a daidai tazarar da ido bai kai ba, kyamara ma ba ta kai ba. Matakai huɗun da na rubuta a bayan hannuna, na ukunsu an yi shi ne musamman don wannan. Na karanta, na haddace, har na yi wa Sista bayaninsa. Kuma da za a sa ni rantsuwa, zan rantse cewa na dubi bakin.

Muka danna gozi, ƙyallen tsayar da jini, na 'yan mintoci, jinin ya tsaya, likitan tiyata ya duba ya ce ba sai an ɗinke ba. Kafin mu tashe shi na zuƙe maƙoshin sosai ina gani da ido. Da yamma na same shi a ɗaki da ƙaninsa, na zauna a gefen gado na ce, "Malam, akwai abin da ya faru da nake so ka ji daga bakina. Wajen sa maka robar numfashi na ji maka ciwo a maƙoshi. Kuskurena ne, ba na ciwonka ba." Na yi masa bayanin kunu da koko na 'yan kwanaki, da kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, da abin da zai gani ya kira mu. Ya ce, "Haba likita, ai ƙaddara ce. Allah Ya saka da alheri." Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na mayar da laujen cikin kwali.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan sallar Juma'a na kira Malama. Na yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa har ta ce, "Dakta, me ya faru?" Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi lafiyar mutumin, ta tambaya ko na gaya masa, ko na rubuta a fayil. Sannan ta ce in turo mata bidiyon na takwas da na sha ɗaya ta WhatsApp.

Manomin yana shan kunu, ba zazzaɓi. Gobe za a sallame shi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Saƙon muryarta ya zo, minti huɗu. Na saurara sau biyar.

Ta ce na cika kusantar ƙofar. Ina neman hoto mai kyau, shi kuwa hoton da ya cika allo shi ne mafi wuyar shiga, don biled ya yi zurfi ya ɗaga maƙogwaron sama, ya ƙara wa tiyub kwanar da zai sha. In ja baya, in bar ƙofar ta zauna a rabin allo na sama, ƙasan ya zama fili inda zan ga tiyub yana tahowa. In bakinsa ya wuce ƙofa in tsaya, a ja waya baya kamar santimita uku, don in ba haka ba zai tokari bangon gaba na maƙogwaro. In ya cije, in murɗa shi ta hannun dama.

Ban ce ban taɓa jin wasu daga cikin waɗannan a bidiyo ba. Amma a bidiyo ana maganar kowa ne. Ita kuwa cewa ta yi, "A daƙiƙa ta sha huɗu, nan ya kamata ka tsaya, ka wuce."

Game da raunin kuwa ta ce ba abin da za ta iya faɗa. "Bidiyonka maƙogwaro yake nuna mini. Hannunka ba ya ciki, kanka ba ya ciki. Ka zo da na'urar." Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Laraba, 12 ga Fabrairu

Shida tun daga ranar 3 ga wata, duk da Macintosh, duk lafiya. Jimla 17. An ba ni izinin kwana uku. An ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba mai bukatar cikakken barci, Baba zai riƙe gida. Yawancin haihuwa da allurar baya muke yi, wannan kuwa ya fi ni hannu.

Litinin 17 zuwa Laraba 19 ga Fabrairu

Mota zuwa da dawowa 24,000, masauki wurin abokin karatu, abinci da zirga-zirga kamar 15,000. Daga aljihuna.

Ranar farko, mutum na farko, ta tsaya a bayan kafaɗata ta dama ba ta ce uffan ba. Ya shiga, da ɗan wahala. Muna fita ta ce, "Ka dubi baki lokacin da kake sa tiyub?" Na ce na duba. Ta juya ga ɗalibar da ke riƙe da tire, "Ya duba?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ma, idonsa dai ya ɗan sauka." Wato ƙiftawa ɗaya nake yi in koma allo, hannu kuma ya ci gaba da tafiya a makance. Ni a raina wannan ƙiftawar ita ce dubawa. Wata guda da rabi ina yin abin, kuma da na shekara ina kallon bidiyon kaina ba zan gano ba.

A na biyu, ina miƙa hannu karɓar tiyub sai ta ɗora tafinta a kan allon ta rufe shi ruf. "Ka raka shi da ido har ya ɓace bayan harshe." Ba yadda zan yi, na raka shi. Sai da ya ɓace ta ɗage hannu, sai ga bakinsa a gefen allo, daidai inda ya kamata. Haka ta yi mini sau huɗu a jere. A na biyar ba ta rufe ba, amma wuyana ya sunkuya da kansa.

Sauran gyararrakin duk na hannu ne, kuma duk ƙanana. Ina riƙe tiyub a tsakiya kamar alƙalami, yadda na saba da tsohon. Ta mayar da yatsuna can sama kusa da ƙarshensa, inda motsi kaɗan ke juya bakin, kuma babban yatsa yana iya tura wayar sama ba sai na jira wani ba. Ina shigar da shi ta tsakiyar baki. Ta ce in bi da shi jikin biled, kamar ɗa a bayan uwa. Hannuna na hagu yana ɗaga muƙamuƙi da ƙarfin da shekara shida ta koya masa, alhali lauje ba ya son ƙarfi. Ta kama gwiwar hannuna ta sauke ta. Gadon ma ya yi mini tsawo.

Tara na yi a kwana ukun, duk da lauje. Bakwai a karon farko, biyu a na biyu.

Da rana ta biyu muna cin abinci na kawo mata binciken da aka buga a New England Journal of Medicine a 2023, wanda aka yi a ɗakunan gaggawa da na kulawa ta musamman a Amurka kan mutum 1,417: masu kyamara sun shiga a karon farko kashi 85 cikin ɗari, masu tsohon salo kashi 71. Na ce ai tsohon ya kusa zama kayan tarihi. Ta ce, "Su wa suka sa tiyub ɗin?" Akasarinsu likitoci ne masu neman ƙwarewa. "Da wane biled?" Akasari mai siffar Macintosh. "To, da wanne ka ji wa mutum ciwo?" Na ci gaba da cin shinkafata.

Ita ce ta tuna mini da wani binciken na Italiya a mujallar Anaesthesia a 2015, inda aka bi likitocin da suka riga suka ƙware da Macintosh suna koyon GlideScope, aka ga sai wajen gwaji na 76 suke kai matsayin da tara cikin goma ke tafiya yadda ake so. Ni kuwa na yi talatin a kan roba na ba kaina satifiket.

Ta ba ni labarin lokacin da ta je aiki asibitin cutar noma, mai cin naman baki da fuska, na Sakkwato, inda ake gyara fuskar yaran da cutar ta ci, waɗansu muƙamuƙinsu ya haɗe ko cokali ba ya shiga. Can ba biled ɗin da zai yi aiki, sai siririyar kyamara mai lanƙwasuwa ta hanci. Ta ce ita ma ta karanta komai kafin ta je, amma sai da wani ya riƙe mata wuyan hannu.

In faɗi gaskiya, ba komai na samu wurinta ba. Na'urarta wata ƙira ce daban mai suna C-MAC, laujenta ba lanƙwasarsa ɗaya da nawa ba, kuma sau biyu ta lanƙwasa mini waya yadda ya dace da nata, bai dace da nawa ba. Ni na nuna mata yadda tawa take. Maganar hazo da caji da wanki ma ba wanda zai zauna ya koya maka. Kuma da ban zo da kurakuraina a hannu ba, da kwana ukun a bayanin maɓallai za su ƙare.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na dawo gida. Biyu da lauje. A na biyun na kama kaina ido a kan allo tiyub yana hanya. Na tsaya cak, na sake. Na roƙi Sista ta riƙa rufe mini allon da hannu duk lokacin da na karɓi tiyub. Ta yi dariya ta ce ba za ta iya yi wa likita haka ba. Na ce umarni ne.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. An rage jerin tiyata, muna farawa da wuri. Jimla 31. Ba matsala.

Asabar, 8 ga Maris, da dare

Ana tsakiyar tarawihi aka kira ni. Saurayi ne ɗan acaba, mota ta buge shi, ciki ya cika da jini, fuska ta daku, leɓe a fashe, hanci yana zuba ta baya. Ya sha ruwa ya ci abinci awa biyu kafin nan. Muka ba shi ketamin na sa barci da sakzametoniyam na kashe jiki, Sista ta riƙe wuya kada ya motsa. Na ɗauki mai kyamara da biled ɗin Macintosh lamba 4, ina ganin ga ranar da aka saye shi dominta.

Ina shiga allon ya koma ja. Ɗigo ɗaya ne ya taɓa idon kyamarar. Na fito na goge na koma, ya sake rufewa. Awon oksijin yana 88, yana gangarawa. Sai na ji muryar Baba a kunnena, "Likita, bar kallon talabijin, dubi mutum." Ya riga ya cusa babban sakshan ta gefen hagu ya bar shi a can yana ja. Na kawar da kai daga allo na leƙa kai tsaye, tunda biled ɗin siffar tsohon gare shi. Na hango gefen murfin maƙogwaro da ɗan kumfa yana fitowa ƙarƙashinsa. Na bi kumfan da buji, na ji gargadar zoben maƙogwaro a yatsuna, aka zura tiyub 7.5 a kai. Kafnogiraf ya amsa. Mafi ƙanƙantar awon da na gani 79 ne.

Da a ce lauje na ɗauka, da ba abin da zan gani in na leƙa. Wannan ban yi tunaninsa ba sai da muka fito. Sa'a ce, ba dabara ba.

Saifa ce ta fashe, aka cire. Ya farfaɗo. Muna sahur da shayi da burodi a ofis na ce wa Baba wa ya koya masa barin sakshan a ciki. Ya ce, "Jini." Sannan ya ce tun daga goge kyamara na farko ya so ya yi magana, ya ga ba girmansa ba ne ya katse likita a gaban yara.

Wannan ta dame ni fiye da jan allon. Na ba shi labarin Elaine Bromiley, matar da ta rasu a Ingila a 2005 bayan an sa ta barci don ƙaramar tiyatar hanci: manyan likitoci sun dage suna ta gwada sa tiyub, ma'aikatan jinya sun ga inda abin ya dosa har an kawo kayan huda wuya, ba a saurare su ba. Muka yi yarjejeniya a kan ƙa'idar da ƙungiyar DAS ta Birtaniya, ta masu kula da matsalar hanyar numfashi, ta fitar a 2015: gwaji uku, na huɗu sai in wanda ya fi ka ƙwarewa ne zai yi. Duk wanda ke ɗakin yana da ikon ƙirgawa da ƙarfi. Baba ya ce, "To in kai ne ka yi ukun, wa ye na huɗun?" Na ce shi. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta 37. Dattijuwa mai maƙoƙo, ya tura maƙogwaro gefen hagu, wuya gajere, amma tana kwanciya rigingine ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Tun Talata na tura wa Malama hoton wuyan da na ƙirji muka tattauna. Muka tada kafaɗu da kai da zannuwa har kunne ya yi daidai da saman ƙirji, oksijin minti uku cur, buji da LMA, robar da ake sa wa maƙoshi a ba da iska in tiyub ya gagara, da wuƙa lamba 10 duk a buɗe a kan tire. Lauje. Na ja baya na bar ƙofa a sama, Sista ta rufe allo, na raka tiyub, ta buɗe. Ya ɗan cije bayan ƙofa, na tura waya sama da yatsa, na murɗa dama, ya zame. Da na leƙa da tsohon daga baya don in sani, bakin murfin kawai nake gani, mataki na uku a ma'aunin Cormack da Lehane. Wata biyu da suka wuce da gumi za a yi a nan.

Laraba, 19 ga Maris

Sista ta fara sa tiyub da na'urar, da biled ɗin Macintosh, ni a bayan kafaɗarta. Koyarwa da allo daɗi gare ta, kana ganin abin da ɗalibi yake gani. Amma na lura ni ma allon nake kallo, ba hannunta ba, wato kuskuren da na je aka cire mini shi nake yi ta wata ƙofar. Kuma bakina ba ya shiru. Malama kalma biyar take yi a mutum ɗaya, ni na yi hamsin, har Sista ta ce, "Likita, ka bari in ji da ɗaya." Biyu ta yi, duka sun shiga.

Talata, 25 ga Maris

Lissafi kafin hutun Sallah. Nawa 43: Macintosh 20, lauje 23. Laujen kafin in je wurin Malama biyu ne, ɗaya ya gagara, ɗaya ya yi rauni. A gabanta tara. Bayan dawowa 12, goma a karon farko, biyu a na biyu, ba jini. Abin da na kashe daga aljihu ya kai naira 94,000, ban da datar da na daina ƙirgawa. In 76 ɗin Italiya ne ma'auni, saura 53, kuma a uku-uku a mako sai cikin damina.

Batirin ya fara saurin ƙarewa, yanzu kullum da safe Sista ke duba shi tare da silindar oksijin. Igiyar kafnogiraf ɗinmu ɗaya ce tak, ta fara tsagewa an naɗe ta da filasta. Na rubuta takardar neman sababbi biyar, da buji biyu, da tiyub lamba 6 na ajiye wa huda wuya. Huda wuyan kansa ba wanda ya taɓa yi a cikinmu. Na yi magana da wani mahauci zai riƙa ajiye mana maƙogwaron rago bayan Sallah, mu gwada wuƙa da buji da tiyub a kai.

Na sayi abin maƙala wayar hannu a jikin sandar ƙarin ruwa, naira 5,500, don daga yanzu bidiyo biyu zan riƙa tura wa Malama, na allo da na hannuna, an rufe fuskar majinyaci. Ta ce za ta duba, amma in sake zuwa a watan Mayu ko ita ta zo in ta samu hanya. Baba har yanzu bai yi aiki da na'urar ba. Jiya dai na shigo na tarar ya kunna ta yana leƙa tafin hannunsa a allo, da ya gan ni ya ce caji yake dubawa. Na sa sunansa a jerin ranar Alhamis ta bayan Sallah, mutum na farko, biled lamba 3.